Gyaran haƙori da allurar hutawa a wani ɗakin likitan dabbobi na Yamai: inda aiki ya kai da inda ya gaza

Wurin irin waɗanda aka saba gani ne a Yamai. Kanti a gaba cike da maganin tsutsa, allurai da buhunan abincin kaji, ɗakin aiki ɗaya a baya mai teburin ƙarfe, sai fili da rumfa inda ake ɗaure doki ko jaki. Likita ɗaya ne, ya yi karatunsa a makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, da mataimaka biyu. Rigakafi da sayar da magani su ne cinikin yau da kullum, kuma ba su ne abin dubawarmu ba. Ayyuka biyu muka sa a ma'auni, waɗanda mai dabba ba ya tambaya sai lalura ta kama shi: gyaran haƙori, da hutar da dabbar da aka fid da rai da warkewarta, wato kashe ta ba tare da azaba ba.

Ma'aunin da muka ɗauka shi ne ƙa'idojin da likitocin dabbobi ke aiki da su yanzu. Kan haƙori akwai na ƙungiyar duniya ta likitocin ƙananan dabbobi, WSAVA, da ya fito a 2017, da na ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka, AAHA, da aka sabunta a 2019. Kan hutar da dabba akwai kundin ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, bugun 2020, wanda ya maye gurbin na 2013, sai kuma dokokin hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, OMSA, wadda aka sani da OIE kafin 2022. Wani zai ce waɗannan na ƙasashen masu kuɗi ne. Kundin WSAVA ya riga ya amsa wannan, domin ya kasa ƙasashe mataki uku gwargwadon ƙarfin aljihu, ya faɗi mafi ƙarancin kayan aikin da ake nema a kowane mataki. Abin da bai sassauta wa kowa ba shi ne maganin barci. A nan ma darajar wannan ɗaki take, kuma a nan rauninsa yake.

Mu fara da doki da jaki, domin a nan hannun likitan ya fi ƙwarewa. Haƙoran taunar doki ba sa daina fitowa sai tsufa ya yi nisa, suna ƙaruwa kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna tana cinye su. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, don haka cin ba ya zuwa daidai: haƙoran sama suna yin kaifi ta gefen kunci, na ƙasa ta gefen harshe. Dokin da ke kiwo yini guda a daji yana rage wannan kaifi da kansa. Dokin gari da aka ɗaure a turke ana ba shi dusa da hatsi, irin na masu sukuwa da na hawan salla, muƙamuƙinsa ba ya kai-komo sosai, kaifin sai ya taru. Alamominsa a bayyane suke ga wanda ya san su: curin ciyawa da aka tauna rabi aka zubar a gindin turke, ƙwayar hatsi a cikin kashi ba ta narke ba, yawu, kaɗa kai idan an ja linzami, da rama duk da ana ciyarwa. Yawancin masu doki maganin tsutsa suke fara saye, su ƙara, su sake ƙarawa, alhali matsalar a baki take.

A wannan ɗaki ba a sa hannu a bakin doki sai an yi masa allurar sanyaya jiki, zailazin a jijiya, tsakanin miligiram 0.5 zuwa 1 a kowane kilo. Ana jira minti biyar, kai ya sauko, leɓe ya saki. Sai a wanke bakin da ruwa, a sa ƙarfen buɗe baki mai faranti biyu da ke zama a kan haƙoran gaba, a haska da fitilar goshi, likita ya zura hannu har turmin ƙarshe yana lalube ɗaya bayan ɗaya. Wannan laluben shi ne rabin aikin. Wanda ya kama harshe ya ja gefe ya leƙa, haƙora uku na farko kawai zai gani, ƙugiyar da ke fitowa a turmin ƙarshe na ƙasa kuwa ba zai san da ita ba. Magagarin hannu suke amfani da shi, mai doguwar ƙota, ɗaya miƙaƙƙe ɗaya mai lanƙwasa. Ba su da na lantarki, kuma ba mu ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Na lantarki yana da sauri, amma yana zafafa haƙori, kuma a hannun da bai ƙware ba cikin daƙiƙa kaɗan yake kai wa ga ɓargon haƙorin. Dokar ita ce kada a rage fiye da milimita 3 zuwa 4 a zama ɗaya. Haƙorin da ya yi tsawo sosai a rage shi sau biyu ko uku, da watanni tsakani. Suna kiyaye wannan, kuma ba sa goge saman turmi ya yi sumul, domin kaushin nan da shi dabba ke niƙa.

Abu biyu suka ƙara musu daraja a idonmu. Na farko, sun ƙi yin ƙuna ko tsaga a ganɗa. Naman da ke bayan haƙoran gaba na sama yakan cika a ɗan doki mai canza haƙori, mutane su ɗauka ciwo ne da ke hana shi ci, su kawo ƙarfe mai zafi. Ba ciwo ba ne, ƙunar ce ke zama ciwo. Na biyu, suna cewa a zo da linzamin. Linzamin gargajiya mai zobe da dogon harshe yana raunata dasashin da ke tsakanin haƙoran gaba da turame, wani lokaci har ƙashi, kuma ba magagarin da zai gyara wannan muddin za a mayar da ƙarfen nan baki gobe. Jakunan amalanke masu jigilar ruwa da itace su ne suka fi kowa bukatar wannan aiki, su ne kuma ba a kawowa. Jaki yana ɓoye ciwo, sai ya tsaya shiru kai a ƙasa, a ce masa malalaci.

Bakin kare da mage wani zance ne dabam, kuma a nan aikin ya rabu biyu.

Babban kare yana da haƙora 42, mage 30. Yauƙin ƙwayoyin cuta yana kwanciya a kan haƙori cikin yini ɗaya, idan ba a goge ba ya fara daskarewa cikin ƴan kwanaki ya zama dutsen nan mai ruwan ƙasa. Shi ne mai kare ke gani, shi yake so a cire. Amma cutar ba a dutsen take ba, tana ƙarƙashin dasashi, a ramin da ke kewaye da wuyan haƙori. A lafiyayyen kare zurfin ramin ba ya wuce milimita 3, a mage ba ya wuce 1. Idan ya wuce haka, naman da ƙashin da ke riƙe haƙorin sun fara zaizayewa. Mataki huɗu ake kasa cutar: kumburin dasashi kawai, wanda ke warkewa sarai, asarar abin da bai kai kashi 25 cikin 100 na mariƙin haƙori ba, asarar 25 zuwa 50, sai abin da ya haura 50, inda yawanci cirewa ce magani. Ba yadda za a auna wannan a bakin kare mai ido biyu.

Idan mai kare ya yarda da cikakken aiki, ɗakin yana bin matakan yadda ya dace. Da sassafe suke sa aikin, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40, kuma suna da gurup, wato injin ba da wuta, saboda ɗaukewar wuta. Hana abinci na awa 4 zuwa 6 suke nema, ba na dare da yini ba kamar da, ruwa kuwa ba a hanawa. Ana auna nauyi a sikeli, ba da ido ba. Ana ɗibar jini, kuma wannan a garin nan ba ado ba ne: karen da kaska ta sha yana iya ɗauke da cutar erlikiya, wadda ke rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, a cire masa haƙori jini ya ƙi tsayawa. Bayan allurar barci ana zura tiyon numfashi a maƙoshi, a hura ƴar robar da ke toshe gefensa, a cusa auduga a bayan baki, a kwantar da kai ƙasa-ƙasa. Dalili shi ne mashin ɗin kankare haƙori yana feshin ruwa, ruwan cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma dabbar da ke barci ba ta iya tari. In babu tiyon, ruwan nan cikin huhu yake tafiya, bayan kwana biyu ko uku a dawo da kare yana zazzaɓi yana haki. Ana wanke bakin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, kulorhegzidin mai ƙarfin 0.12 cikin 100, a kankare sama da ƙarƙashin dasashi, ba a barin bakin mashin a kan haƙori ɗaya fiye da daƙiƙa 15 don kada zafi ya kashe jijiyarsa, sai a goge da man gogewa. Gogewar nan ta ƙarshe tana share ƙananan zanen da kankara ta bari. In an tsallake ta, datti ya fi saurin komawa.

Cire haƙori ma suna yinsa da hankali. Haƙori mai saiwa biyu ko uku ana raba shi da injin yanka, a fitar da kowace saiwa ita kaɗai, a ɗinke dasashi. Ba a kama shi da awartaki a murɗa. Suna yin allurar kashe wuri a jijiyar muƙamuƙi kafin a taɓa, a sallami kare da maganin rage raɗaɗi, meloksikam, miligiram 0.2 a kilo ranar farko, 0.1 bayan haka. Suna kuma gargaɗi da babbar murya kan maganin mutane: farasitamol yana kashe mage, ibuprofen da diklofenak suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Haƙorin da suka fi cirewa shi ne babban matauni na sama, na huɗu a jerin ƙananan turame, wanda ƙashin kan rago da na ƙafar saniya ke tsagawa. Kumburin da ke fitowa ƙarƙashin ido ya fashe ya warke ya sake dawowa, sau da yawa daga saiwar wannan haƙori yake.

Gazawa ta farko, ba su da na'urar hoton haƙori. Fiye da rabin haƙori a cikin ƙashi yake, kuma ƙa'idojin 2019 sun nemi a ɗauki hoton baki duka. Ba tare da hoto ba, ba a ganin ƙurjin saiwa, ba a tabbatar da cewa guntu bai saura ba bayan cirewa, kuma a ƙaramin kare mai siririn muƙamuƙi wanda cuta ta cinye ƙashinsa, cire turmin ƙasa na farko a makance yana iya karya muƙamuƙin. A mage lamarin ya fi tsanani, saboda ciwon da ke narkar da haƙori daga saiwa, wanda hoto ne kawai ke nuna ko a tono saiwar ko a yanke kan haƙorin a bar ta. Likitan ba ya ɓoye wannan rashi, kuma na'urar tana da tsada. Wannan muna iya yi masa uzuri.

Gazawa ta biyu ba ta da uzuri. Idan mai kare ya ce, "Likita, ni tsoron allurar barcin nan nake, a ɗan kankare masa haka nan," sai a yi masa yadda yake so. Mataimaka biyu su danne kare, a kankare fiƙoƙi da abin da ido ke gani, a karɓi kuɗi kaɗan. WSAVA da AAHA duka sun yi tir da wannan aiki. Haƙori ya yi fari, ƙarƙashin dasashi ba a taɓa ba, ba a goge ba, mai kare ya tafi da kwanciyar hankalin da bai dace ba, cuta ta ci gaba a ɓoye. Ga haɗarin cizo a garin da ciwon haukan kare bai ƙare ba. Da sun daina wannan, su koya wa mutane goge haƙori kullum da buroshi mai taushi da man dabbobi, da ya fi. Man goge bakin mutane bai dace ba, saboda kare haɗiyewa yake, kuma wasu suna da sinadarin zailitol mai guba gare shi. Haka kuma suna yawan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowace kankara, abin da sababbin ƙa'idoji suka ce a taƙaita ga masu bukata.

Sai maganar hutar da dabba. Rago, akuya, saniya da raƙumi ba kasafai suke zuwa nan ba, domin wuƙa ake sa musu tun da sauran rai. Shawarar da ɗakin ke bayarwa a kansu daidai ce: a duba kwanakin jira da ke jikin kwalbar maganin da aka yi wa dabbar kafin a ci naman, kuma wadda ta faɗi farat ɗaya jini baƙi na fita ta hanci da dubura kada a yanka, kada a feɗe, domin ciwon saifa ne ake zargi. Masu zuwa su ne kare, mage, doki da jaki. Mutane da yawa suna jin nauyin abin a zuciya, su gwammace su kai jakin da ya karye bayan gari su sake shi. Wannan ba tausayi ba ne, kwanaki yake yi yana mutuwa da ƙishirwa. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu ya yi umarni da kyautatawa ko a wurin kisa da yanka, kuma malaman Malikiyya sun halatta a hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita.

Ga kare da mage, aikin ɗakin ya yi daidai da kundin 2020. Ana tabbatar da mai dabbar, ya sa hannu a takarda. Ana fara yin allurar barci a tsoka, a bar dabbar minti goma a wuri mai shiru tare da mai ita. Sai a sa allurar roba a jijiyar ƙafar gaba, a gwada da ruwan gishiri a tabbatar tana ciki, sannan a tura fentobarbital, miligiram 100 zuwa 140 a kilo gwargwadon takardar kwalbar. A lura da ƙarfin maganin, domin akwai mai miligiram 200 a mililita, akwai mai 400: karen kilo 20 yana bukatar mililita 10 zuwa 14 na farkon, 5 zuwa 7 na biyun. Maganin yana kashe hankali da farko, sai numfashi, sai zuciya, kuma wannan jerin shi ne dukan hikimar abin. Idan ya zuba a wajen jijiya yana ƙuna ƙwarai, shi ya sa allurar roba ta fi tsirarar allura. Soka zuciya kai tsaye ba ya halatta sai ga dabbar da ta riga ta fita hayyacinta, haka ma maganin T61, mai ɗauke da sinadarin da ke shanye tsoka.

Likitan yana faɗa wa mai dabba abin da zai gani tun kafin a fara. "Alhaji, idon ba zai rufe ba, yana iya jan dogon numfashi sau ɗaya, fitsari na iya zuba. Ba ya jin komai a lokacin." Bayan haka yana sauraren ƙirji, ya taɓa ƙwayar ido, ya matse yatsa, ya duba dasashi ya koma toka-toka, ba ya dogara da alama ɗaya. Ba sa amfani da gubar sitirikinin, wadda OMSA ta haramta a babinta na kula da yawan karnuka, domin dabbar tana mutuwa cikin farfaɗiya da hankalinta. Karen da ya ciji mutum kuma ba sa gaggawar kashe shi. In yana da alamar lafiya a tsare shi a sa ido, kwana 10 a ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya, 15 a tsarin Faransa. In ya nuna hauka a hutar da shi ba tare da an fasa kai ba, domin ƙwaƙwalwar ce ake kaiwa ɗakin gwaji irin LABOCEL, wanda aka ciza kuma ya wanke ciwon da sabulu minti 15 ya tafi asibiti ba tare da jiran sakamako ba.

Doki da jaki sun fi wuya. Dokin kilo 300 yana cin giram 30 na fentobarbital, mililita 150 ke nan na mai ƙarfin 200, kuma magani ne mai tsada da ake tsare sayar da shi. Hanyar da suke bi idan babu shi karɓaɓɓiya ce: zailazin miligiram 1.1 a kilo, a jira kai ya sauko, sai maganin barci ketamin miligiram 2.2 a kilo, dabba ta kwanta, a taɓa ido a tabbatar barci ya yi nauyi, sannan a tura ruwan gishirin fotasiyom mai kauri da sauri a jijiyar wuya. Fotasiyom yana tsayar da zuciya ne kawai, ga dabba mai ido biyu azaba ce tsantsa, don haka jerin ba ya canzawa. Zailazin shi kaɗai, komai yawansa, ba hanyar kisa ba ce. Jaki yana narkar da ketamin da sauri fiye da doki, sai a haɗa sirinji na ƙarshe a riƙe a hannu tun kafin ya kwanta, a kuma nemi jijiyar a saman wuya, domin tsoka ta rufe tsakiyarta. Kundin 2020 ya ƙara hanyar zuba lidokayin, maganin kashe wuri, a ruwan laka ta ƙeya bayan barci, amma nan ba su fara yinta ba. Abin da ya kamata su tsananta shi ne tambayar mai jaki na ainihi, saboda yaron da ke tuƙa amalanke sau da yawa ba shi ne mai shi ba.

Babban gibin aikin yana bayan mutuwa. Ana miƙa wa mutum gawar karensa a buhu, ko a bar jaki inda ya faɗi, ba a ce komai ba. Fentobarbital ba ya lalacewa da wuri a cikin mushe. Karen unguwa da ya ci zai yi ta tangaɗi ko ya mutu, haka ungulu, wadda tun 2015 aka sa irin tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Naman kuma haramun ne ga tukunya ko ta wane hali. Gawar da aka yi wa wannan allura ramin da za a sa ta sai ƙasa ta kai aƙalla mita 1 a kanta, nesa da rijiya, nesa da kwarin Gunti Yena da ya ratsa Yamai da bakin kogin Isa, a ɗora duwatsu ko ƙaya a sama, kuma a haƙa ramin kafin a yi allurar, musamman ga doki. Ɗakin ba shi da filin binnewa, ba shi da yarjejeniya da masu haƙa, takardar da ake sa wa hannu ma ba ta ambaci gawa ba. Layi biyu a takardar da lambar mai haƙa rami ɗaya za su toshe mafi yawan wannan.

Mai doki ko jaki ya kai dabbarsa nan sau ɗaya a shekara ba tare da shakka ba, tsoho ko mai canza haƙori sau biyu. Mai kare ya nemi cikakken aiki da tiyon numfashi, ya ƙi kankarar ido biyu ko da an rage masa kuɗi. Mai mage da mai ƙaramin kare da za a cire wa turmin ƙasa su tambayi inda za a samu hoto tukuna. Wanda kuma ya zo hutar da dabba, ya tambayi sunan maganin da za a yi amfani da shi, ya tanadi raminsa kafin ya baro gida.